Yadda Sridevi ta mayar da ni aji ina da shekara 40

Ban taɓa taka ƙofar silima ba, ga shi yau har na yi jikoki. A Fagge aka haife ni a 1973, gidanmu ba shi da nisa da silimar Plaza. Yawancin silimun Kano na lokacin ba su da rufi, saboda haka idan dare ya yi iska ta kaɗo ta wajenmu, muna kwance a tsakar gida muna jiyo kiɗan Indiya sama-sama, da sowar maza idan jarumi ya fara jibgar bos. Iyakar rabonmu ke nan mu mata. A wancan zamanin duk macen da aka gani a layin yankar tikiti ta gama jawo wa gidansu abin faɗa.

Yayana ne silimarmu. Yakan saci jiki ya tafi Plaza ko Orion ta Ƙofar Wambai, ranar da aljihu ya yi nauyi har Eldorado a Sabon Gari. Washegari da Baba ya fita kasuwa sai ya tara mu a gindin murhu yana ba mu labari, yana miƙewa yana gwadawa. Shi ma ba Indiyancin yake ji ba, amma wa ya isa ya ce masa ba haka aka faɗa ba? A bakinsa na fara jin sunan Sridevi, ina 'yar shekara 11 ko 12. Ya ce an yi wata sabuwar yarinya a fim ɗin Himmatwala ita da Jeetendra, tana rawa a bakin teku tsakanin tuluna jere reras. "Inna, ba ki ga idanunta ba, dara-dara, kamar za su yi miki magana." Inna ta ce, "Allah ya shirye ka," amma ba ta tashi daga wurin ba sai da ya kai ƙarshen labarin.

A aji 3 na firamare aka cire ni. Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwar autanmu, ni ce babbar mace a ɗakinta, sai tukunya da rainon ƙanne suka dawo kaina. Ban riƙi Baba da komai ba, Allah ya jiƙansa, abin da ya ga ya fi shi ya yi. Makarantar allo dai ban fasa ba. Na kai izu 30 kafin aure, na ƙarasa sauka a ɗakina, ina kuma rubuta wasiƙa da ajami. Ɗan bokon da na tsinta kuwa ya bi iska, ko sunana ba na iya haɗawa.

A 1988 aka kai ni Gwammaja ina da shekara 15. Maigidan yana da shagon atamfa a Kantin Kwari, mutum ne mai kirki amma ba mai yawan magana ba, kuma gidan na kulle ne, ga mahaifiyarsa a ɗakin da ke kallon nawa. Shekara na zagayowa ya shigo da bidiyo a kwali. Mu ne na farko a layinmu. Da hantsi in maza sun watse, matan maƙwabta su yafo mayafi su shigo ta ƙofar baya, mu tura almajirin gidan ya karɓo mana kaset haya, mu zauna muna roƙon Allah kada NEPA su ɗauke wuta. Kaset na uku ko na huɗu da ya kawo shi ne Nagina.

Kaset ɗin ya sha kwafi har fuskokin mutane sun yi kore-kore, amma Sridevi tana fitowa na gane ta ba tare da kowa ya nuna mini ba. Idanun da Yaya ya faɗa ne. A fim ɗin, wanda ya fito a 1986, macijiya ce mai rikiɗa ta zama mutum, ta auri ɗan masu hali, wato Rishi Kapoor. Wani hatsabibin gardi, Amrish Puri, ya gano ko ita wace ce, yana kwaɗayin wani dutse mai daraja da macizai ke tsaro, sai ya shiga kunnen uwar miji. Labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tashi da tatsuniyar aljanar da ta auri ɗan Adam, mun kuma saba ganin gardawa suna yawo da macizai a akwati. Kowa yana tuna rawar ƙarshe, inda gardin ya zo da yaransa suna busa, ita kuma cikin fararen kaya tana birgima a ƙasa tana sara da hannu. Ni abin da ya zauna mini shi ne abin da ya faru kafin rawar, lokacin da sautin busar ya fara shiga kunnenta tana ƙoƙarin danne kanta. A cikin numfashi biyu tsoro ya wuce ta fuskarta, fushi ya biyo, sannan wani irin roƙo, kamar mai cewa ku bar ni in zauna a ɗakina lafiya. Ina da shekara 16 a lokacin, ga ƙaramin ciki, a gidan da ake ƙirga cokalin man da na zuba a miya. Na san zaman da ake sa miki ido ana jiran ki yi kuskure a ce dama mun faɗa. Tun daga ranar matan layinmu suka sa mata Macijiya, suka kuma riƙa ce mini, "Aika a karɓo mana na mutuniyarki."

Ba wanda ke yi mana fassara. Wasu kasusuwan da rubutun Turanci a ƙasa, amma a cikinmu mu bakwai ko takwas ba mai iya karanta shi. Kowa dai tana cika maganar da abin da ke ranta, wani lokaci har gardama ta kaure a kan abin da jarumi ya ce. To a nan ne na ga bambancinta da sauran. Hema Malini akwai kyau da kwarjini, Rekha akwai aji, ba mai musu. Amma su sai ka ji abin da suka faɗa kafin ka bi su. Ita kuwa Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ban ga fuskar da ke amsa tambayar kamar tata ba. In ita ce a allo, gardama ba ta tashi a ɗakina.

Kuma ba ta tsoron ta yi muni. Mace mai kyau irin wannan, sai ka ga ta murguɗa baki, ta harɗe ido, ta yi tafiyar agwagwa. A Mr. India na 1987 ta sa gashin baki da 'yar hula ta kwaikwayi Charlie Chaplin, muka yi dariya har uwar mijina ta leƙo, ta kuma samu wuri ta zauna. Wannan ce rana ta farko da na ji dariyar matar nan. A ChaalBaaz na 1989 ta fito a tagwaye, ɗaya salihar da dangi suka mayar baiwa a gidan ubanta, ɗaya fitinanniyar da ta tashi a kwararo. Ko kaya iri ɗaya suka sa, daga yadda aka ɗaga kafaɗa ka san wacece. Chandni kuwa, na wannan shekarar, shi ya sa 'yan matan unguwarmu suka addabi teloli da ɗinkin farin yadi.

Na san za a ce matar da ta sauke Alƙur'ani me ya haɗa ta da wannan. Malamarmu ta Islamiyya ta sha yi mana faɗa a kan raye-rayen da shigar, kuma ban taɓa cewa ba ta da gaskiya ba. Akwai wuraren da nake tura kaset gaba in yara suna kusa. Allah ya yafe mana. Amma ba zan yi ƙaryar cewa ban amfana ba.

Sadma ya girmi duk waɗannan, tun 1983 aka yi shi tana 'yar shekara 20 ko ƙasa da haka, sai dai ni ban same shi ba sai wajen 1992. Sau ɗaya na kalle shi, ban kuma iya maimaitawa ba. Budurwa ce ta yi haɗarin mota ta bugu a ka, hankalinta ya koma na yarinya ƙarama. Wani malamin makaranta, Kamal Haasan, ya tsamo ta daga gidan banza ya kai ta garinsu a kan duwatsu yana rainonta, yana yi mata wasan biri don ta yi dariya. Manya da yawa in sun kwaikwayi yaro sai su zama abin haushi. Ita kuwa yadda take ɓata fuska in an hana ta abu, da yadda take riƙe gefen rigarsa, sak ƙanwata da na goya. Da ta warke sai ta manta shi ƙaf. Ya biyo ta tashar jirgin ƙasa jina-jina, duk taɓo, yana ta wasan birin nan a gaban taga ko za ta tuna. Ta dube shi da tausayi irin wanda ake yi wa mahaukacin kasuwa, ta miƙa masa abinci, jirgi ya ja. Mutane suna yabon Kamal Haasan a wurin, ya kuma cancanta. Amma wuƙar tana cikin kallon da ta yi masa ne, kallon da babu mugunta a ciki, babu kuma sani ko na ƙwayar zarra.

Shekara 17 bayan haka aka yi mini wannan kallon. Inna ta rikice da tsufa, na ɗauko ta ta dawo wurina. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Wata rana da la'asar ina taje mata kai sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ko kin ga 'yata a hanya? Ta tafi makaranta tun safe ba ta dawo ba." Na ce, "Inna, ni ce." Ta yi murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo, ta tura mini sauran ƙosan da ke gabanta. Na shiga banɗaki na toshe bakina da zani. Ashe duk shekarun nan abin yana ranta ita ma, cirewar da aka yi mini saboda ciwonta. A cikin ruɗewarta ta mayar da ni makarantar. Ta rasu a 2011, Allah ya yi mata rahama.

Na yi gaba da yawa, bari in koma baya. A 1997 aka yi Judaai, inda ta fito a matar da son kuɗi ya rufe wa ido har ta yarda wata mai dukiya, Urmila Matondkar, ta auri mijinta Anil Kapoor a kan kuɗin Indiya rufi miliyan 20. Ranar da muka kalle shi ɗakina ya zama kotu. Wasu na cewa Allah ya ƙara, wasu na cewa mu da ake yi wa kishiya kyauta ko sisi ba a ba mu ba fa? Ni ban sa baki ba, don a lokacin an fara ƙishin-ƙishin ɗin Alhaji na neman aure. Abin da na riƙe daga fim ɗin shi ne rabinsa na biyu, inda take zaune cikin gwala-gwalai tana jiyo dariyar mijinta da 'ya'yanta tare da wata, tana gane cewa ba korar ta aka yi ba, gidan ne kawai ya koyi tafiya ba da ita ba.

A 1999 amarya ta tare. Malamar makaranta ce mai takardar NCE. Zan faɗi gaskiya saboda Allah, ba muguwa ba ce. Yaya take ce mini tun ranar farko har yau, ba mu taɓa sa-in-sa a gaban yara ba. Ba wanda ya ƙwace mini komai. Takarda ce kawai ta san ɗakin da take shiga. Sakamakon jarrabawar yarana, katin asibiti, takardar magani, wasiƙar makaranta, duk sai Alhaji ya ce, "A kai wa Antinku ta duba." Ni da na haife su sai dai a gaya mini abin da aka rubuta. A shekarun nan ne na kama sana'ar kayan gara, alkaki da dubulan da nakiya da cincin, don in samu abin da zai zama nawa ni kaɗai. Allah ya sa wa abin albarka, har daga Zariya da Katsina ake aiko mini.

A 2004 'yata ta fari tana makarantar kwana ta 'yan mata. Ranar ziyara na kwana ina suya, na yi mata dambun nama da yaji da cincin cike da bokiti. Muna zaune a gindin bishiya sai wata malama ta zo ta gaishe ni, ta shiga yi mini bayani da Turanci, da fara'arta, da alama yabon yarinyar take. Ni dai ina murmushi ina gyaɗa kai. Sai ta yi tambaya ta tsaya tana jira. Na gyaɗa kai. Ƙawayen yarinyar biyu suka dubi juna. Ita kuma ta yi wuf ta amsa, ta ja malamar gefe. Da za mu rabu a bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta ce, "Umma, wani zuwan ki bar Anti ta zo, ita ta fi gane abin da suke faɗa."

'Yar fari ce. Ko sunanta ba na kamawa, ban taɓa rungumar ta a gaban mutane ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Wace kalma ce zan yi amfani da ita in gaya mata abin da ta yi mini? Na ce, "To." A motar haya na ja mayafi na rufe fuskata har Kano. Ban sake zuwa ziyara ba har ta gama, ita ma ba ta tambayi dalili ba. Shekararta 14 a lokacin, yarinta ce, na sani. Amma sanin bai hana abin zama mini ƙaya a maƙogwaro shekara tara ba.

Ita kuwa Sridevi tun bayan Judaai ta ɓace. An ce ta yi aure, ta auri Boney Kapoor yayan Anil Kapoor, ta zauna rainon 'ya'yanta mata biyu. Mu ma duniya ta juya. Finafinan Hausa suka cika gidaje, faifai ya kori kaset, bidiyon Alhaji ya koma kan sif ƙura ta rufe shi. Matan da muke kallo tare wasu sun tashi, wasu sun rasu.

Ƙarshen 2013, yarinyar tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Bayero, an kuma sa ranar aurenta. Wani dare ina zaune ina murza alkaki sai ta shigo da kwamfutarta ta ce, "Umma, mutuniyarki fa ta dawo." Ta ajiye a kan kujera 'yar tsugunno ta kunna. English Vinglish ne, wanda ya fito a 2012 bayan ta yi shekara 15 ba ta ja fim ba, kuma wata mace ce, Gauri Shinde, ta rubuta ta ba da umarni. Da na gan ta sai da gabana ya faɗi. Ta manyanta kamar yadda na manyanta. Babu gwal, babu rawar tuluna, sari ne na auduga da jakar hannu. Idanun ne dai ba su canza ba. Rubutun ƙasa na Turanci ne, yarinyar ta zauna a gefena tana karantawa tana mayar mini da Hausa.

Ban san ko ta san abin da ke cikin fim ɗin kafin ta kawo ba. Ban taɓa tambayar ta ba. Matar gida ce a garin Pune mai yin wani kayan zaƙi dunƙule-dunƙule tana sayarwa, mijinta da 'yarta suna yi mata dariya saboda ba ta iya Turanci ba. Ba duka, ba zagi, 'yar dariya ce kawai a kan tabarmar cin abinci, irin wadda in kika yi ƙorafi za a ce kin cika ɗaukar zafi. Na dubi hannuna dumu-dumu da ƙullin alkama, na ci gaba da murzawa. Sai aka zo inda uwar ta raka 'yar makaranta don ganin malami, yarinyar tana jin kunyar a ji bakin uwarta, daga baya ta juye mata a hanyar komawa gida. Muryar mai yi mini fassara ta fara ƙasa-ƙasa. Ta karanta layi ɗaya, ta tsallake biyu, sannan ta yi shiru gaba ɗaya. Ban waiwaya ba. Ban kuma bukaci fassarar ba, domin abin da ke fuskar matar nan a cikin motar na san shi tun daga bakin ƙofar makarantar kwana. Ta haɗiye abin, ta juya tana kallon titi, leɓenta na ƙasa yana ɗan rawa. Yadda aka yi mace a Indiya ta san haka ake yi, Allah kaɗai ya sani.

Haka muka ƙarasa fim ɗin ba mai cewa uffan. Na ga an tura ta New York ita kaɗai bikin 'yar yayarta, na ga yadda ta daburce a wurin sayar da shayi mai sayarwa na daka mata tsawa mutane na jira a bayanta, ta fito da gudu ta zauna a benci tana kuka. Na ga ta ɗauki kuɗin sana'arta ta biya ajin koyon Turanci na sati huɗu a ɓoye. Zancen Bafaranshen da ya ƙyalla ido a kanta bai kwanta mini ba, ko da yake ta tsare mutuncin aurenta. A ƙarshe ta miƙe a taron biki ta yi magana da Turancinta mai ɗingishi, a hankali, tana lalubo kalma ɗaya bayan ɗaya, mijin da 'yar suka sunkuyar da kai. Da wata 'yar wasan ce, da ta mayar da wurin fagen ramuwa. Ita ba ta ɗaga murya ba, ba ta harari kowa ba. A ganina duk rawar da ta yi a duniya ba ta kai wannan tsayuwar ba.

Yarinyar ta rufe kwamfuta ta ce, "Sai da safe, Umma." Na ce, "Allah ya tashe mu lafiya."

Bayan kwana uku na shiga ɗaki na tarar da baƙar leda a kan gadona. Littattafan rubutu shida, fensir, abin gogewa, da wata takarda da aka riga aka cike. Ƙanwarta ta aiko ta gaya mini wai ajin mata ne na hukumar ilimin manya ta jihar Kano, ba nisa da mu, da yamma ake yi. Wannan ce ban-haƙurinta, ni ma karɓar ledar ita ce amsata. Alhaji ya so ya ja, yana cewa me za a ce, uwar amarya da jakar makaranta? Abokiyar zamana ce ta tsaya. Ta ce, "Alhaji, ka bar Yaya ta je. Girkin yamma na ranakun ni zan riƙa yi." Ba zan manta mata wannan ba har in koma ga Allah.

A watan Janairun 2014, bayan an kai amarya Kaduna, na shiga aji. Hukumar tun 1980 aka kafa ta, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wato tana nan tun ina yarinya a Fagge, ban dai taɓa zaton da ni ake ba. Mu kusan 30 ne, da mai ƙosai, da mai kitso, da zawarawa, da 'yan matan da aka cire kamar yadda aka cire ni. Wahalar farko hannuna ne. Ya saba da allo, da na ɗora fensir sai ya nufi dama, malama ta dawo da shi hagu. Amma wanda ya san baƙi da wasali a ajami ba a fara masa daga tushe, cikin wata huɗu ina karanta Hausar boko. Abu ɗaya ne har yau yake sosa mini rai, sunan da mutane ke kiran karatun da shi, wai yaƙi da jahilci. A ajin nan akwai mata aƙalla goma da suka sauke Alƙur'ani, akwai wadda ta haddace Ahalari da Ishmawi, akwai masu juya jarin da ya fi albashin malamar. Ba jahilai ba ne. Rubutu ɗaya ne cikin biyu ba su iya ba, sai aka yi kamar ɗayan ba rubutu ba ne.

Abin da na fara rubutawa don kaina shi ne lissafin alkaki: kwano nawa na alkama, suga nawa, wa ya biya, wa ya saura. Turanci kuwa har yau da rarrafe nake bin sa. Ina karanta takardar magani, ina karanta saƙon waya, in aka yi a hankali ina tsintar rabin magana.

Da na iya shiga intanet a waya, Sridevi na fara nema. A nan na ga an haife ta ranar 13 ga Agusta 1963 a kusa da Sivakasi cikin jihar Tamil Nadu, can kudancin Indiya, mahaifinta lauya ne. Tana da shekara 4 aka fara sa ta a fim, tana da 13 ta fito a babbar mace tare da Kamal Haasan da Rajinikanth a Moondru Mudichu na 1976. Ita ma ke nan aiki ya cinye mata yarinta. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Padma Shri a 2013. Amma abin da ya sa na ajiye wayar na yi tagumi shi ne wannan: harshen Tamil da Telugu ta tashi da su, lokacin da ta shiga finafinan Bombay ba ta iya Hindi ba. A finafinanta na farko wata tsohuwar 'yar wasa mai suna Naaz ce ake ɗora muryarta a kan bakinta, a Aakhree Raasta na 1986 kuma Rekha ce ta yi mata magana. Sai daga baya ta koya ta riƙa yi da bakinta. Ashe a shekarun da Yaya ke ba mu labarinta a gindin murhu, ita ma baƙuwa ce a yaren. An ce in ba a gaban kyamara ba mace ce mai kunya, ba ta cika magana ba. Sai na gane dalilin da ya sa ta zuba komai a fuska, da dalilin da ya sa matan kulle a Gwammaja, waɗanda ba su san kalma goma ta Indiyanci ba, ba su taɓa ɓata a cikin wasanta ba.

Mom na 2017, wanda aka ce shi ne fim ɗinta na 300, shi na fara kallo ni kaɗai ina karanta rubutun ƙasa da kaina. Dare uku ya ɗauke ni, ina tsayarwa ina haɗa baƙaƙe. Malamar makaranta ce da 'yar mijinta ta ƙi kiran ta uwa, har aka keta wa yarinyar haddi, kotu ta saki masu laifin, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaukar doka a hannu ba abin koyi ba ne, fim ɗin kuma yana da nauyi a zuciya. Amma kukan da ta yi a asibiti da ta ga yarinyar, wanda ya fito tun daga cikinta ya lanƙwasa ta biyu, duk wadda ta riƙi ɗan da ba ita ta haifa ba ta san shi. A kan wannan fim ɗin aka ba ta lambar gwarzuwar 'yar wasa ta ƙasar Indiya, sai dai ba ta ga ranar ba, mijinta da 'ya'yanta ne suka karɓa.

Ranar Lahadi 25 ga Fabrairu 2018, bayan na idar da sallar asuba na gama lazimi, na jawo waya don in duba ko masu bikin da na yi wa dubulan sun turo saƙo. Sai ga hotonta, da rubutu a ƙasa. Na sa yatsa ina bi. Sunanta. Dubai. Shekara 54. Ta je bikin dangin mijinta ne, ta mutu a daren Asabar a ɗakin otal, daga baya hukumomin can suka ce nutsewa ta yi a bahon wanka. Na maimaita karantawa sau uku ko na yi kuskuren wani baƙi, ban yi ba. Ba addininmu ɗaya ba, na san iyakata a wajen addu'a, ban kuma ƙetare ta ba. Amma na zauna a kan sallaya na yi kuka, na tuna Yaya, na tuna Inna, na tuna matan da ke shigowa ta ƙofar baya.

Wajen ƙarfe bakwai waya ta yi ƙara, daga Kaduna. Bayan mun gaisa ta yi jim, sannan ta ce, "Umma, kin ji abin da ya faru da mutuniyarki?"

Na ce, "Ba ji na yi ba. Karantawa na yi."

Ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Ina jiyo numfashinta, da kukan jikana a bayanta. Can ta ja hanci ta ce bari ta ba shi wayar ya gaishe ni.